Kwanon Makka na Goggo

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu tattara mu koma, Goggo dai ta riga mu. Ta cika da hantsin wata Laraba a ɗakinta da ke unguwar Liman Abaji a Keffi, bayan 'yar jinyar da ba ta kai ga kwanciya asibiti ba. Yayar Baba ce, wato mahaifina. Ita ta goye shi yana jariri, ni kuma a ɗakinta aka yaye ni, don haka idan aka ji na yi son kai a abin da zan faɗa, a yi mini uzuri.

Kafin azahar tsakar gida ya cika maƙil. Tsofaffin matan unguwa suka zauna a jikin bango, kowacce da abin da take tunawa. Wata ta ce a bakin Goggo ta ji cewa ɗanta ya samu aiki a Ikko. Wata ta ce ita kuwa a bakin Goggo ta ji mutuwar ƙaninta, kuma har yau ba ta ga wanda ya iya faɗar mugun labari a hankali kamarta ba. Ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya ji ƙan Malama mai kan sarki." Wata budurwa da ke raba ruwa ta sunkuyo ta tambaye ni wane sarki ake nufi. Duk da ina cikin hawaye sai da na yi murmushi, na ce mata ƙaramar takardar nan ce mai hoto da ake saye a gidan waya a manna a kan ambulan kafin wasiƙa ta tafi. Ta gyaɗa kai irin na wadda ba ta taɓa aika wasiƙa ba.

Can sai ga wata tsohuwa mai nono daga rugarsu ta wajen Jigwada, an kawo ta a kan acaɓa, ƙafafunta duk jan laka. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙofar ɗakin, ta zaro wata 'yar laya ta fata daga wuyanta ta riƙe a tafin hannu, ta ce, "Ita ta ba ni yarona." Sannan ta mayar da layar wuyanta ta tafi.

Da aka dawo daga maƙabarta Yaya ya aiko a kira ni zaure. Ɗan Goggo ne na fari, babban ma'aikacin gwamnati a Abuja, furfura ta riga ta cinye masa gemu. Ya ce, "Ke kika fi kowa zama da ita. Inna ta yafe mini kuwa?"

Na ce, "Haba Yaya, ai a gaban Baba ta faɗa."

Ya ce, "Da baki ta faɗa, tana kallon bango. Zuciyar nake tambayarki."

Ga mutum yana karɓar gaisuwar mutuwar uwarsa, amma bai san ko ta tafi da shi a rai ba, kuma wadda za a tambaya tana ƙarƙashin ƙasa. Maganar kuwa a kan waɗansu 'yan kan sarki ce, shi ya sa sai na koma baya kafin a gane nauyinta.

Goggo na cikin 'yan matan da aka kai elementare a zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan an zo ɗaukar 'yan makaranta. Da ta yi aure sai ta zama idon matan unguwa. Duk wadda aka aiko wa wasiƙa sai ta yafa mayafi ta nufo ɗakinta. Ba ta karɓar goro, ba ta karɓar tukwici, ladanta ɗaya ne, a bar mata kusurwar ambulan. Mata suna yi mata dariya, wai Malama tana tara shara. Ita kuwa takan ce, "Abin da ya keto duniya ya iso ƙofarka, ba ka jefa shi a juji."

Na tashi na tarar da yadda take yi, kuma ban taɓa ganin ta sauya ba. Za ta yanke kusurwar da almakashi, ta jiƙa a tasa da ruwan randa har kan sarkin ya saki takardar don kansa. Ba ta ɓamɓara. Sai ta kife shi a kan farin ƙyalle bisa faifai, a inuwa, in ya sha iska ta danne shi da dutsen guga wanda babu garwashi a ciki. Idan yaro ya miƙo hannu sai ta buge shi da bayan cokali ta ce, "Hannu maƙiyin takarda ne, ko an wanke shi."

Wurin ajiyar ma nata daban ne. Matan Keffi na lokacinta suna jera kwanuka masu murfi a kabad don kyan ɗaki, in ka buɗe ba komai ciki sai iska. Kwanukan jeren Goggo kuwa kowanne da sunansa. Akwai kwanon Ikko, akwai na Kaduna, akwai na Kurmi, akwai na Turai wanda ɗalibai suka cika mata. A gindin kowanne takan shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro saboda kyankyasai, ta saka ƙullin ɗanyar shinkafa a tsumma don ya shanye danshi. Ban san wanda ya koya mata ba, da na tambaya cewa ta yi hatsi ma haka ake yi masa. Kuma ba ƙasashe kaɗai ta sani ba. Ɗauko kowanne ka nuna mata, za ta gaya maka wasiƙar wa ya kawo, da abin da aka ce a ciki, da ko mai wasiƙar ta fita tana guɗa ko tana share hawaye. Ni dai ban ga gidan tarihin da ya kai ɗakin Goggo ba, kuma ina faɗa da alfahari.

A can saman jeren kwanon Makka yake, shuɗi mai fure a murfi. Mijinta, wanda muke kira Malam, ya tafi aikin hajji Yaya yana ɗan makarantar firamare, Allah ya yi masa rasuwa a can, aka binne shi a can. Ya aiko mata wasiƙu kafin ya kwanta ciwo, ta ƙarshen ma sai bayan labarin mutuwarsa ta iso. Wasiƙun kansu gara ta cinye su a cikin akwati tun ina ƙarama. Kan sarkinsu ne kaɗai suka tsira, 'yan kaɗan masu hoton masallaci da dabino. Su kaɗai ne ba ta taɓa jiƙawa ba, da guntun ambulan ɗinsu ta ajiye su, domin a cewarta Malam ne ya lasa da harshensa ya danna da babban yatsansa, ba za ta wanke wannan a tasa ba.

Sai kuma a san yadda take da Yaya. Gidanmu gidan alkunya ne, Goggo kuwa ta fi kowa riƙo da ita. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Tunda nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, balle ta ce ɗana. "Wancan" take cewa, in ta ji daɗi ta ce "yaron nan". In yana zaune a gabanta ma wani take sa wa baki, "Ki tambaye shi ko ya ci abinci." Duk mun san tana sonsa kamar ranta, ita ce mai tsayawa a bakin zaure idan motarsa ta yi latti, amma da ta ji ƙarar hon sai ta koma ɗaki ta ɗauki tsintsiya.

Rigimar ta faru a wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaya ya zo hutun ƙarshen mako, Goggo tana gidan suna a unguwar Yara. Ya buɗe kwanon Makka don ya ga abin mahaifinsa, sai ya tarar fentin kwanon ya ɓare daga ciki, tsatsa ta fito, fumfuna ta fara ɗigo-ɗigo a gefen takardun. Hankalinsa ya tashi. To shi ma'aikacin gwamnati, a duniyarsa babu girmamawar da ake yi wa takarda da ta wuce laminetin. Satifiket ɗinsa, takardar haihuwar 'ya'yansa, takardar filinsa, duk an rufe su a cikin roba da injin nan mai zafi. Ya kwashi kan sarkin Malam gaba ɗaya ya nufi wani shagon kwafi a bakin titi, aka jera masa su a kan farar takarda, aka tura a inji.

Ina ɗakin lokacin da ya miƙa mata, fuskarsa har sheƙi take yi. Ya ce, "Inna, ga su nan. Yanzu ko kogi suka faɗa ba abin da zai same su."

Goggo ta karɓa ta juya gaba, ta juya baya. Ta sa farce a kusurwa tana nema. Ta dube ni ta ce, "Tambaye shi ta ina ake buɗewa."

Ya ce, "Ai ba a buɗewa, Inna. Amfaninsa ke nan."

Zafin injin ya sa tawadar hatimin gidan waya ta ɗan baje, ɗaya daga cikinsu kuma ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki ce masa ya binne mini su da ransu. Gara ta ci rabonta ta bar mini waɗannan, shi kuma ya zo ya ƙarasa." Ta tashi ta ɗaga tsofaffin zannuwan da ke gindin kabad, ta kife takardar a ƙarƙashinsu, ta kulle, ta ɗaure makullin a haɓar zani. Garin neman gira an rasa ido, haka Baba ya ce da labari ya kai masa.

Baba ne ya shiga tsakani. Ya zo ya durƙusa gaban yayarsa ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, yaro ya yi don alheri ne, fushin uwa kuma ba abin wasa ba ne. Ta ce, "Na yafe," fuskarta a bango. Amma daga ranar, da ta ji ƙarar motarsa sai ta kulle kabad. Tana karɓar gaisuwarsa, tana sa a kai masa tuwo da man shanu kamar kullum, sai dai bai ƙara ganin cikin kwano ko ɗaya ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, abin yana cin sa.

Wani abu game da Goggo, fushi ba ya hana ta ganin gaskiya, amincewa da baki ce dai ba ta yi. Wata shekara da ruwan damina ya ɗauke ta kira ni ta ce kwanukan nan sun tsufa, shinkafa ta gaza, waɗansu na kwanon Kurmi har sun manne da juna kamar alewa a aljihun yaro. Ta ce, "Ba don wani ya faɗa ba, ni na gani da idona. A nemo musu gida." Ni kuwa bakina bai iya riƙe magana ba, na gaya wa Yaya a waya. Daga nan na zama 'yar aike tsakanin Abuja da Liman Abaji, shi ya sayo, ni in kai in ce ni na samo.

Na farko albam ne na hotunan biki, mai shafuka masu danƙo da leda a sama. Ta taɓa shafin da yatsa, yatsan ya kama. Ta ce, "Wannan ai tarkon ɓera ne. Mayar." Na biyu fayil ne na ofis mai aljihunan leda. Ta kai hanci ta shinshina ta ce warin sabon takalmin roba yake yi, kuma leda mai wari gumi take yi in zafi ya zo, ta sa ni na hura iska a ciki na ga yadda ya yi raɓa. Na kawo shawarar salatif, ta dube ni kallon da ya sa na ji kamar ban taɓa shiga aji ba, alhali ni malamar makaranta ce. Sharuɗɗanta ba su da yawa, amma ba ta sassautawa. Kada a manna, kada a huda, kada a matse, kuma duk inda aka saka abu a iya fito da shi.

A ƙarshe Yaya ya yi tambaya wurin masu wannan sha'awa, ya turo mini hotuna a waya. Ashe akwai kundin da aka yi musamman don kan sarki, shafukansa kwali ne mai kauri, da 'yan siraran aljihuna a jere da ake zura kowanne ba tare da gam ba, da takarda shara-shara tsakanin shafi da shafi. Goggo ta sa tabarau ta karɓi wayar da hannu biyu. Akwai mai farin shafi, akwai mai baƙi. Ta ce baƙin, don launi ya fi fitowa a kansa, haƙoran gefen kan sarkin ma a gan su ɗaya bayan ɗaya. Da kundayen suka iso ta shinshina, ta shafa, ta zura guda ɗaya ta fito da shi, ta sake zurawa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki ce wa mai aikenki wannan karon ya yi kai." Ashe tun albam ɗin farko ta san komai. Na kira Yaya na faɗa masa, ya yi dariya, sannan ya ce, "Amma ba ta ce in zo in gani ba ko?" Ba ta ce ba.

Ƙaurar kan sarkin daga kwanuka zuwa kundaye ta ɗauke mu rani guda, kullum bayan la'asar. Da matsefata take ɗauka, irin wadda makiyaya ke cire ƙaya da ita, mai nono ce ta ba ta, ta kai wa maƙeri ya daddaƙe bakin ya yi faɗi don kada ya huda takarda. Ni aikina buɗe shafi da sauraron tarihi. Ta hana a kwantar da kundayen, ta ce a tsaye za su zauna kamar sahun salla, don nauyin wani kada ya danne wani. Ta sa aka janye kabad daga bangon da ruwa ke duka. Shinkafa kuma ta yi ritaya, aka maye gurbinta da 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake samu a kwalin sabon takalmi da kwalbar magani, har mai kemis na bakin layi ya san yana tara mata. Takan ce danshi ɓarawo ne da ba ya fasa ƙofa. Shafin Makka ya cika da na sauran alhazan unguwa, amma layin farko ta bar shi babu komai.

Yanzu sai labarin layar mai nono. Tun da daɗewa ɗanta ya bi motar shanu zuwa Kurmi, ya sa mai rubutu ya rubuta masa wasiƙa guda ya aiko, Goggo ta karanta mata, ta karɓi ladanta na kusurwar ambulan. Bayan nan aka aiko cewa ya rasu a hanya. Wasiƙar ta lalace a ƙaurar ruga, ba hoto, ba riga, ba kabarin da za a nuna. Ranar da matar ta zo da ƙwaryar nono ta zauna, Goggo ta buɗe kwanon Kurmi, ta tona ta fito da shi, ta ce, "Rubutun na mai rubutu ne, amma wannan shi ya saya, shi ya manna da yatsansa. Riƙe." Goggon da ko jikanta ba ta ba wa guda ɗaya ya taɓa, ta ba da shi kyauta. Matar ta kai wa baduku ya ɗinke mata shi cikin fata.

Wata rana bayan mun gama ƙaura mai nono ta kawo mana kindirmo, layar tana lilo a wuyanta. Da ta fita sai na kasa haɗiye abin da ke raina. Na ce, "Goggo, wannan ma fa ba a buɗewa. An ɗinke shi ruf, gumi yana dukansa kullum, ban ji kin yi faɗa ba."

Ta ce, "Ita nata ne. Ɗanta ne."

Na ce, "To shi ma Yaya ai ubansa ne."

Wallahi na ga wuta a idonta. Ta ce, "Tashi ki ba ni wuri. 'Yar ƙanina ce za ta zauna a ɗakina ta yi mini alƙalanci? Ni na wanke miki kashi." Na ɗauki mayafina na fita, ban yi nadama ba, don na gaji da ganin babban mutum yana raɓe-raɓe a ɗakin uwarsa kamar baƙo.

Ba a daɗe ba ta aiko a kira ni. Ba ta tayar da maganar ba. Ta miƙo mini zare biyu, dogo da gajere, kowanne da ƙulli a bakinsa. Ta ce in kai wa wani kafinta a Yara, ya yi mata firam mai gilashi, tsawonsa wannan, faɗinsa wannan. Katako ya zama busasshe, kada fenti ya shiga ciki, a shimfiɗa baƙin yadi, bayan kuma a yi masa 'yan sakatu na katako maimakon ƙusa mai tsatsa. Na ce me za a saka? Ta ce, "Ke dai aikenki aka yi." Na gwada zaren da shafin kundi, bai yi daidai ba. Na ce in dai kan sarki ne, haske zai cinye launinsu. Ta ce, "Ni za ki koya wa?" Na zaci hoton wani jika za a saka.

Kafintan ya sha wuya a hannunta. Na farko da ya kawo ta shinshina ta ce warin fenti, a mayar. Na biyu ya liƙe bayan da gam don ya yi ƙarfi, ta ce abin da ba a buɗewa ba ya kwana a ɗakinta. Har ta hau keke mai ƙafa uku ita kaɗai ta je shagonsa ta yi masa bayani da kanta. Shi kuma, kamar yawancin masu sana'arsa, gobensa ba ta zuwa da wuri. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da ita, na manta da zancen firam gaba ɗaya.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara raguwa, sai ga kafintan da abu a naɗe cikin takardar siminti. Ɗan ƙabilar Mada ne, dattijo, ya cire hula ya durƙusa a gaban Baba da Yaya a zaure. Ya ce, "Sannunku da haƙuri. Wallahi kunya nake ji, Mama ta ba ni aiki ban kawo ba sai da ta tafi. Ga shi, yadda ta ce haka na yi."

Aka kira ni don ni na kai aiken. Yaya ya warware takardar yana jujjuya firam ɗin, ya ce, "Na mene ne wannan?"

Kafinta ya ce, "Ah, oga, ba ta gaya muku ba? Ta ce aikin ɗanta za a saka. Ta ce, ɗana ne ya yi shi da hannunsa don ubansa, a bango nake so ya zauna inda mai shigowa zai gani, amma ban da saitin taga."

Ban tsaya jin sauran ba. Na shiga ɗaki da gudu, na ɗauko makullin kabad, na ɗaga tsofaffin zannuwan gindin kabad. Takardar tana nan, sai dai ba a kife ba, an naɗe ta a cikin farin ƙyallen nan da take shanya kan sarki a kai. Na kawo na miƙa wa Yaya. Ya juya sakatun, ya ɗaga bayan, ya kwantar da ita a kan baƙin yadin. Ta zauna daram, ko farce ba zai shiga tsakaninta da katako ba. Masallaci da dabino suka fito fes a bayan gilashi, har da wanda ya karkace ya hau kan ɗan'uwansa.

Baba ya juya fuska yana gyaran hula. Yaya kuwa ya rungume firam ɗin a ƙirji, hawaye na bin furfurar gemunsa, bai damu da mutanen da ke zaure ba.

Wannan ce Goggonmu. Ta karanta wa unguwa guda farin cikinta da baƙin cikinta, ta adana abin da kowa ya ɗauka shara ne, ta riƙe alkunyarta har kabari, kuma duk da haka ta san yadda za ta isar da saƙo. Allah ya haskaka makwancinta, ya yalwata mata shi, ya sada ta da Malam a inda ba a rabuwa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Kafintan ya miƙe zai tafi, Yaya ya riƙo hannunsa. Ya ce, "Baba, don Allah zauna. Sake faɗa mini yadda ta ce."

Dattijon ya koma ya zauna, ya ce, "Ta ce, ɗana ne ya yi."